Kundin Aiki: Inda Za a Ajiye Hashiya a Shafin da Ba Shi da Gefe

7 ga Oktoba, 2024

An kammala juyar da waƙar daga ajami zuwa boko, an kuma gwada juyin da kwafi biyun da ke hannunmu baiti bayan baiti. Waƙar wa'azi ce 'yar ƙwar biyu, a rubuce a warƙoƙin da ba a ɗinke ba, waɗanda aka adana cikin tadarishi, kuma a ƙasan kowace warƙa mai kwafi ya rubuta kalmar farko ta warƙa mai bi mata domin kada tsarin ya wargaje idan takardun suka zube. Matanin kansa bai ba mu wahala sosai ba. Abin da ya rage shi ne rubutun da ya kewaye shi, kuma a kansa wannan kundi zai tsaya, domin manufar aikin ita ce a fitar da waƙar a intanet ta yadda ɗalibi mai ƙaramar waya zai karanta ta tare da abin da malamai suka rubuta a jikinta.

Da na bi warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, na ga rubutun da ke kewaye da matanin iri-iri ne, ko da yake idon da bai saba ba zai ɗauke shi abu guda. Akwai fassarar kalma ɗaya ko biyu da aka cusa tsakanin layuka da siririn alƙalami, galibi a ƙarƙashin kalmar Larabci mai nauyi. Akwai kalmomin da mai kwafi ya tsallake ya kuma dawo ya rubuta su a gefe, ya rufe da «صح», wato wannan gyara daidai ne, kuma daga jikin waƙar yake. Akwai dogayen bayanai a gefe, wasu a karkace, wasu ma a kife saboda ƙarancin wuri, inda wani mai karatu ya kawo aya ko hadisin da baitin ya dogara a kai. Ban da waɗannan akwai saɓanin da ke tsakanin kwafin biyu, wanda mu ne muka tattara shi, sannan akwai namu bayanin na masu tsara bugu game da sunayen wurare da tsofaffin kalmomi. Manhajar da muke aiki da ita tana da hanya ɗaya tak ta ɗaukar duk waɗannan, wato ƙaramar lamba a saman kalma da bayani a can ƙasa.

19 ga Oktoba, 2024

Na fitar da gwajin farko da Pandoc, wanda ke karɓar rubutun Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, ya mayar da shi shafin intanet. Kowane bayani ya sami lamba, lambobin suka jeru a ƙarshen shafi, kowanne da 'yar kibiyar komawa inda aka fito. Tsarin yana aiki a kowace burauza, ba ya buƙatar komai na musamman, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma shafin intanet ba shi da ƙasa irin ta shafin littafi. A littafi ido yana sauka ƙasa ya dawo cikin ƙiftawa ɗaya, layin da ake karantawa yana nan bai motsa ba. A waya kuwa danna lamba yana jefa mai karatu ƙarshen waƙar baki ɗaya, baitin ya ɓace daga allo, sai ya karanta bayanin da ka, ya sake dannawa ya dawo ya nemi inda ya tsaya. Abin da muke kira bayanin ƙasan shafi a intanet, a haƙiƙa bayanin ƙarshen littafi ne, kuma ƙa'idar HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, ita kanta ba ta ware wata alama ta musamman dominsa ba, abin da ta bayar shawara ce kawai ta a haɗa wurare biyu da mahaɗa.

Wannan koke ya girmi kwamfuta. Lokacin da juzu'in farko na tarihin rushewar daular Rum na Edward Gibbon ya fito a Landan a 1776, bayanansa suna can ƙarshen littafin, sai masanin falsafa David Hume ya rubuta wa mai maɗaba'ar, William Strahan, yana kukan cewa mutum yakan juya zuwa ƙarshe ya tarar ba a ce komai ba face sunan littafin da aka dogara da shi, ya kuma ba da shawara a riƙa sa irin waɗannan a gefe ko a ƙasan shafi. An dawo da bayanan zuwa ƙasan shafi a wani bugu da ya biyo baya, ko da yake Gibbon ya rubuta daga bisani cewa ya sha yin nadamar amincewa da hakan. Abin da na ɗauka daga kukan Hume shi ne mai karatu yana biyan farashi kafin ya san abin da zai samu. Lamba 14 ba ta gaya masa ko fassarar kalmar da ta tsaya masa ce, ko kuwa labari ne cewa kwafi na biyu ya sa ɗigo a wani wuri dabam.

2 ga Nuwamba, 2024

Na koma ga abin da malaman hadisi suka rubuta game da ladabin kwafar littafi, domin masu rubutun da ke gabanmu daga wannan makaranta suka fito. Ibnu Salah, wanda ya rasu a 643 bayan Hijira, daidai da 1245, ya yi bayani dalla-dalla a littafinsa na ilmin hadisi. Idan an tsallake kalma, sai a ja layi daga gurbin da ta faɗi ya yi sama, a lanƙwasa kansa kaɗan zuwa gefen da za a rubuta ta, a fara rubutun daura da lanƙwasar, a rufe da «صح». Ya fifita gefen dama, ya kuma so rubutun ya nufi saman warƙa, saboda idan wata kalma ta sake faɗuwa a ƙasa a sami wurin sa ta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne saɓaninsa da Alƙali Iyad, mai Ashafa, wanda ya rasu a 544 bayan Hijira. Alƙali Iyad yana ganin bai kamata a ja irin wannan layi ba idan abin da ke gefe sharhi ne ko nuni ga wata riwaya, don gudun kada mai karatu ya zaci daga jikin matani yake ya shigar da shi ciki. Ibnu Salah ya ce jan layin ya fi, amma da bambanci: layin kalmar da ta faɗi yana tashi daga tsakanin kalmomi biyu, layin sharhi kuwa yana tashi daga kan ita kalmar da ake wa sharhin. Ke nan tun kafin ido ya bar layi, wurin da alamar ta zauna ya riga ya faɗa wa mai karatu irin abin da ke jiransa a gefe. Wannan shi ne ainihin abin da lambobinmu suka kasa yi, kuma a kansa na tsayar da shawarar da za ta ja ragamar sauran aikin.

Shawarar ita ce a raba bayanan tun daga tushe, kowanne da sunan nau'insa, a bar maganar yadda zai bayyana a allo sai daga baya. Don haka mun fara mayar da fayil ɗin zuwa tsarin TEI, wanda masu binciken tsofaffin rubuce-rubuce suka fara ginawa tun 1987. A cikinsa ana iya cewa wannan ƙari ne na mai kwafi kuma a gefen dama yake, wannan fassarar kalma ce a ƙarƙashin layi, wannan kuma saɓani ne tsakanin kwafi da kwafi, har a nuna hannun da ya rubuta kowanne. Aikin yana da cin rai, kuma zai jinkirta fitowar waƙar, amma idan aka yi shi sau ɗaya, daga fayil guda za a fitar da shafin waya da na kwamfuta da na bugawa a takarda.

16 ga Nuwamba, 2024

An gwada bayanin gefe a babban allo. Na ari tsarin da ake kira Tufte CSS, wanda aka gina a kan salon littattafan Edward Tufte, inda matani ke cin kusan rabin faɗin shafi, bayani kuma ya zauna a gefe daura da layin da ya shafa. A kwamfuta sakamakon ya yi kyau ƙwarai, kuma duk wanda ya yi karatu a zaure zai ji kamar ya dawo gida, domin haka littattafan Misira masu rawayar takarda suke, matani da sharhi ko hashiya a shafi ɗaya, ɗaya cikin zane ɗaya a wajensa. Wanda ya karanta Risala da sharhin Abul Hasan da hashiyar Adawi, ko Muhtasar da sharhin Dardir da hashiyar Dasuƙi, ya san cewa ana iya ɗora magana hawa uku ba tare da an ruɗe ba muddin kowace tana da mazauninta.

Matsala ta farko ta fito a baitocin da suka tara bayani. Idan baiti biyu a jere kowanne yana da dogon bayani, na biyun yana turuwa ƙasa har ya tsaya daura da baitin da ba nasa ba, kuma da zarar hakan ta faru amfanin gefe ya tafi, tunda kusanci shi ne dukan abin da yake bayarwa. Mai rubutun hannu yana da mafita da ba mu da ita, domin yakan ƙanƙanta rubutu, ya karkata shi, ya zagaya da shi kusurwar warƙa. Matsala ta biyu ta fi girma. Idan faɗin allo ya gaza fiksel 760, tsarin yana ɓoye bayanan gefe gaba ɗaya, sai an taɓa lambar su buɗe a cikin matani. Dabarar tana da kyau, kuma ba ta buƙatar JavaScript, harshen da ke sa shafi motsi a burauza, amma tana nufin cewa mafi yawan waɗanda muke yi wa aikin ba za su taɓa ganin gefen da muka ƙawata ba. Saboda haka na daina ɗaukar babban allo a matsayin asali. Daga yau waya ce asali, gefe kuma ƙari ne ga mai kwamfuta.

30 ga Nuwamba, 2024

Ƙananan lambobi ba sa zama lafiya a kan ajami. Rubutun yana da cikakken wasali, fataha da rufu'a a sama, kisira da ɗigon imala a ƙasa, ga shadda da sukun, don haka sararin da lamba za ta tsaya a cikinsa ya riga ya cika, kuma a ƙaramin allo lamba 1 tana iya kama da wani wasali. Mun gwada da haruffan Alkalami da na Harmattan, salon haruffan kwamfuta ne da ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar, na farkon a kan salon rubutun Kano, kuma a dukansu cunkoson yana nan. Ga kuma rikicin alkibla, domin lambar da aka sa a ƙarshen ɗangon da ke tafiya daga dama zuwa hagu takan yi tsalle ta koma ɗaya ɓangaren idan ba a killace ta da alamar da ta dace ba. An cire lambobi daga layin ajami ɗungurungum. Duk wata alama za ta zauna a layin boko da ke ƙarƙashinsa, ko a kan lambar baiti.

21 ga Disamba, 2024

Fassarar kalma ta koma inda masu ita suka ajiye ta, wato tsakanin layuka. HTML tana da alamar ruby, wadda aka tanada domin ƙananan haruffan da Japanawa da Sinawa ke ɗorawa a kan rubutunsu don nuna lafazi, kuma ta karɓi aikinmu fiye da yadda na zata. Kalmar Larabci tana zaune a layi, fassararta tana manne da ita da ƙaramin rubutu mai launi dabam, babu dannawa, babu tsalle. Ɗaliban da muka ba su gwaji sun karanta waɗannan baitoci ba tare da sun tambayi yadda ake amfani da shafin ba, kuma a ganina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da tsari zai iya samu.

Wannan salo yana da dogon tarihi a yankinmu. Tsofaffin Alƙur'anan Barno da A. D. H. Bivar ya bayyana wa masu bincike, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke ɗauke da shekarar 1669, an rubuta su da tazara mai faɗi tsakanin layuka, kuma a cikin tazarar akwai fassara da tsohon harshen Kanembu, wadda Dmitry Bondarev ya yi nazari mai zurfi a kanta. Tazarar da gangan aka bar ta, wato mai kwafi ya tsara shafinsa tun farko da sanin cewa wani zai zo ya yi rubutu a ciki. Mu ma sai da muka buɗa tazarar layukanmu sosai kafin shafin ya daina kama da cunkoso, abin da ya sa waƙar ta ƙara tsawo a allo.

Iyakar salon a bayyane take. Fassarar da ta wuce kalma uku takan fi kalmar da ke ɗauke da ita faɗi, sai burauza ta buɗa gibi a layin domin ta sami wuri, baitin ya yage. Na sa ƙa'ida cewa duk abin da ya wuce haka ya bar tsakanin layuka ya shiga rukunin sharhi, ko da a takardar asali a tsakanin layuka yake, tare da nuna hakan a cikin fayil. An kuma sa maɓalli ɗaya a saman shafi da ke kashe fassarorin duka, saboda mai son rera waƙar ba ya bukatar su.

11 ga Janairu, 2025

Makonnin nan sun tafi a kan dogon sharhi, wanda shi ne ya fi kowane rukuni gardama a tsakaninmu. Abokin aikina yana son ɗan akwatin da ke tasowa a kan matani, irin wanda Wikipedia ke nunawa idan aka kai linzami kan lambar madogara. A kwamfuta abin yana da daɗi, amma waya ba ta da linzamin da zai tsaya a kan kalma ba tare da dannawa ba, don haka duk tsarin da ya dogara da wannan ya fita daga lissafi. Ko a kwamfutar ma, ƙa'idojin WCAG 2.1 na 2018, waɗanda suka shafi sauƙaƙa shafukan intanet ga masu lalura, sun shardanta cewa irin wannan akwati ya zama ana iya kore shi ba tare da motsa linzami ba, ana iya shiga cikinsa da linzamin ba tare da ya ɓace ba, kuma ya tsaya har mai karatu ya gama. Akwai sabuwar hanya ta popover da ke buɗe akwati da taɓawa ba tare da JavaScript ba, wadda ta shiga Chrome da Safari a 2023, ta shiga Firefox a 2024, sai dai wayoyin da ba a sabunta burauzarsu ba ba su san ta ba, kuma masu amfani da Opera Mini a yanayin tsimin data suna karɓar shafin da aka riga aka matse a wata na'ura mai nisa, inda abubuwa masu motsi da yawa ba sa aiki yadda aka tsara.

Hujjata a kan akwatin ba ta na'ura ba ce kaɗai. Akwatin yana rufe baitin da ake yi wa sharhi, ko wanda ke biye da shi, alhali mai karanta ayar da aka kawo yana son ya ga baitin a lokaci guda domin ya gane ta inda suka haɗu. Idan sharhin ya yi tsawo kuma, sai a sami abin ja a cikin abin ja, yatsa ya rasa wanda yake turawa. Abin da muka tsaya a kai shi ne sharhi ya buɗe a ƙarƙashin baitinsa, ya tura sauran waƙar ƙasa, ya kuma rufe idan an sake taɓawa. Alamar details ta HTML tana yin wannan da kanta. Ba a yarda a sa ta a tsakiyar sakin layi ba, wanda zai zama cikas ga mai rubutun zube, amma waƙa ta zo mana da sauƙi tunda kowane baiti yanki ne mai zaman kansa.

A maimakon lamba, abin taɓawar yana ɗauke da kalma: «aya», «hadisi», «sharhin gefe», ko «bayaninmu». Wannan ita ce hanyar da muka bi muka aiwatar da bambancin da Ibnu Salah ya yi da wurin layi. Ta kuma magance wata matsala ta daban, domin ƙaramar lamba a saman kalma tana da wuyar samu da yatsa. WCAG 2.2 ta 2023 ta sa mafi ƙarancin girman abin taɓawa fiksel 24 a tsaye da 24 a kwance, ko da yake ta yi rangwame ga mahaɗar da ke cikin jimla, Apple kuma tana ba da shawarar 44, Google 48. Kalma mai ɗan fili kewaye da ita tana cika wannan ba tare da ta ɓata layin waƙa ba.

1 ga Fabrairu, 2025

Saɓanin kwafi ba zai sami alama a jikin matani ba ko kaɗan. Masu buga tsofaffin littattafan Girka da Latin sun daɗe da wannan hanya: ana lissafa layuka a gefe, a ƙasan shafi kuma a kawo lambar layi, da kalmar da aka zaɓa, da abin da sauran kwafi suka ce, matanin ya zauna fes. Mai bincike ya san inda zai duba, mai karatu don wa'azi kuma babu abin da ya tsaya masa a gaba. A shafinmu lambar baitin da ke da saɓani tana da ɗan layi a ƙarƙashinta, taɓa ta yana nuna abin da kwafi na biyu ya ce. Kalmomin da mai kwafi ya rufe da «صح» an mayar da su cikin baiti, tunda abin da ya nufa ke nan, an kuma rubuta a wannan rukuni cewa daga gefe aka ɗauko su.

Gwajin bugu a takarda ya tafi lami lafiya. Da LaTeX, manhajar tsara rubutu don bugawa, da ƙunshinta na reledmac ana iya jera bayanai har hawa biyar a ƙasan shafi ɗaya, kowane hawa da layin da ya raba shi da na samansa, mun yi amfani da uku: sharhin magabata, saɓanin kwafi, da namu. Ga namu bayanin na so a yi amfani da tsofaffin alamomin maɗaba'a, wato tauraro da † da ‡ da §, tunda ba su da yawa a kowane shafi, amma alamar † tana kama da gicciye, kuma a kan waƙar wa'azi za ta jawo tambayar da ba ta da alaƙa da aikin. An koma ga haruffan a, b, c, suna sake farawa a kowane shafi.

22 ga Fabrairu, 2025

Wani malami mai lalurar gani ya saurari shafin da TalkBack, manhajar da ke karanta abin da ke allo da murya, a wayarsa ta Android, kuma abin da ya faɗa ya sa an sake taɓa abubuwa da dama. Fassarar tsakanin layuka, wadda ta fi komai daɗi ga ido, ga kunne ta zama cikas, domin manhajar tana karanta kalma da fassararta a jere kamar jimla ɗaya, ma'aunin waƙar ya karye. Maɓallin kashe fassara yana nan, amma sai an wuce abubuwa da yawa kafin a kai gare shi, don haka an matso da shi ya zama abu na farko bayan take. Kalmomin da suka maye gurbin lambobi kuwa ya yaba da su, ya ce jin «hadisi, a rufe» ya fi masa jin lamba tsirara nesa ba kusa ba. Muryar da ke wayarsa ba ta Hausa ba ce, tana tauna kalmomin yadda ta ga dama, kuma wannan ba abin da tsarin bayani zai gyara ba ne, amma mun tabbatar kowane yanki yana ɗauke da alamar harshensa, Hausa ko Larabci, domin manhajar da ta iya sauya murya ta sauya.

A fayil ɗin EPUB, wato na littafin lantarki, inda ba mu da iko a kan yadda kowace manhajar karatu za ta nuna abu, an bi hanyar da aka saba: mahaɗa mai alamar noteref zuwa bayani mai alamar footnote, wanda Apple Books ke nunawa a akwati, wasu manhajojin kuma su yi tsalle zuwa gare shi. A nan kibiyar komawa ta zama dole, kuma ita ma tana da nata halin, domin harafin ↩ yakan rikiɗe ya zama emoji mai launi a wayoyin Apple sai an bi shi da alamar U+FE0E. Mun huta da wannan ta hanyar rubuta «koma baiti» da kalmomi.

Wani abu da ban sa a lissafi da farko ba shi ne kwafa. Mutane za su kwashi baitoci su tura a WhatsApp, kuma idan aka shafa baiti aka kwafa, fassarar tsakanin layuka takan biyo ta manne da kalmar, a sami baitin da mawaƙin bai faɗa ba yana yawo da sunan waƙarsa. Wannan shi ne tsoron Alƙali Iyad, sharhi ya shige cikin matani, kuma tarihin kwafar littattafai cike yake da irinsa. An ƙara maɓallin kwafa a kowane baiti wanda ke ɗaukar matani zalla tare da lambar baitin.

15 ga Maris, 2025

Aiki ya yi sanyi saboda azumi, sai na yi amfani da lokacin na sake karanta namu bayanan, waɗanda su kaɗai ne muke da ikon taɓa lafazinsu. Da aka ga kowanne a ƙarƙashin baitinsa da sunan «bayaninmu» a kansa, ya fito fili cewa da yawa ba su cancanci tsayar da mai karatu ba. Wasu maimaici ne na abin da baitin ya riga ya faɗa sarai, wasu kuma tattaunawa ce game da zamanin waƙar da salon rubutun, wadda mazauninta gabatarwa. An kwashe waɗannan zuwa gabatarwar, an goge na farkon, abin da ya rage shi ne bayanin da in babu shi baitin ba zai fahimtu ba. Na lura cewa lamba tana sa mai tsara bugu sakaci, domin ƙara ta ba ya cin wuri a ido, alhali kalma a ƙarƙashin baiti tana tilasta masa ya tambayi kansa ko abin ya kai.

Abin da har yanzu ba a warware ba shi ne siffar rubutun gefe. Bayanin da aka rubuta a kife a kusurwar warƙa, da tawadar da ta fi ta matani haske, yana gaya wa mai bincike cewa daga baya aka ƙara shi, bayan gefen ya riga ya cika, kuma wannan labari yana ɓacewa idan aka miƙe shi cikin haruffan allo. Mafitar da muke dubawa ita ce a haɗa kowane sharhi da yankin hoton warƙar da yake ciki, ta tsarin IIIF da ɗakunan karatu da yawa ke amfani da shi, wanda ke ba da damar a yanko ɓangaren hoto kawai a aiko da shi maimakon warƙar duka. Hakan zai rage cin data, amma yana buƙatar a auna gurbin kowane bayani a hoto da hannu, kuma hotunan kwafi na biyu an ɗauke su da hasken da bai isa ba, sai an nemi izinin masu shi a sake ɗauka bayan salla. Kafin nan za a saki kashin farko na waƙar ba tare da hotuna ba, da fassarar tsakanin layuka a kunne, sharhi kuma a rufe, sannan a tambayi malaman zaure da suka karɓi gwajin ko sun fi son sharhin magabata ya zo a buɗe tun farko.